Idan wutar gida ta ɓaci, wa ya kamata ka kira: mai wayarin na unguwa, ɗan Nepa ko ɗan kwangila mai lasisi?

Wani dare cikin azumi, dab da sahur, uwargidana ta tashe ni ta ce tana jin wari a kicin, kuma ba na girki ba ne. Warin roba ne idan ta ƙone. Muka bi shi har bayan firji. Soket ɗin ya narke ta gefe ɗaya, bangon ya yi baƙi kamar an goga masa gawayi, filogin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Na kashe babban makunnin gida, muka yi sahur da fitilar waya. Bayan an idar da sallar asuba na kira wani mai wayarin da ke da shago a bakin layinmu. Ya zo nan take, ya canza soket, ya karɓi ɗan abin da na ba shi ya yi godiya. Ba a rufa wata biyu ba wani soket ɗin ya sake narkewa. Sai da na kawo wani ma'aikacin, wanda ya buɗe akwatin wutar gidan tun daga tushe, sannan muka ga inda gizo ke saƙar: siririyar wayar ƙwan fitila ce aka ja zuwa kicin, fis ɗin da ya kamata ya tsinke an ɗaure shi da kakkaurar waya, wayar atin kuwa, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, babu ita sam.

Tun daga ranar na daina ɗaukar masu gyaran wuta a matsayin abu ɗaya. Kowane da aikin da ya dace da shi, kuma yawancin asarar da ake yi daga kiran wanda bai dace ba take farowa.

Kafin ka kira kowa

Idan ka ji warin ƙuna, ko ka ga tartsatsi, ko bango yana jan mutum, ka fara kashe babban makunni. Idan akwai janareta ko inbata, su ma a kashe. Kada a watsa wa gobarar lantarki ruwa matuƙar ba a yanke wutar ba. Busasshiyar ƙasa ko tukunyar kashe gobara mai hoda su ne magani. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, sai a kashe wutar ko a ture shi da busasshen katako. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112. Da zarar ka yanke wutar, babban haɗarin ya ragu, sauran kuma zai iya jiran wayewar gari. Wannan ɗan jinkirin shi ne zai ba ka damar zaɓar ma'aikaci da hankalinka a kwance.

Abubuwan da zan auna su da shi

Na farko shi ne inda matsalar take. Daga taransifoma zuwa falwaya, daga falwaya zuwa mita, har da ita kanta mitar, hurumin kamfanin rarraba wuta ne. Daga bayan mita zuwa cikin ɗakuna naka ne, kai za ka nemo mai gyara kuma kai za ka biya. Wannan iyakar ita kaɗai ta raba gardama da yawa.

Sai saurin zuwa, domin ƙwararren da ba zai zo ba sai jibi ba shi da amfani ga wanda soket ɗinsa ke hayaƙi. Sai kuɗi, wanda kashi biyu ne, na aiki da na kaya, kuma dole a raba su. Sai ƙarkon aikin. Sai haɗari, na rai da na dukiya da na shari'a. Akwai kuma abin da mu a gidajenmu ba ma wasa da shi, wato amana. Mai gyaran wuta har uwar ɗaka yake shiga, sau da yawa maigida yana kasuwa ko wurin aiki. Ba kowa ake yi wa iso cikin gida ba. Na ƙarshe, idan aikin ya ɓaci, a ina za ka same shi, kuma wa za ka kai wa ƙara?

Mai wayarin na unguwa

Shi ne wanda kowa ya sani: testa a aljihun riga, filaya da baƙin salatif a ƙaramar jaka, babur a ƙofar shago. Wajen sauri babu mai kama ƙafarsa. Ka kira shi bayan isha'i zai zo, kuɗin aikinsa kuma da sauƙi, wani lokaci ma ya ce, "Alhaji, ba ni duk abin da ya sawwaƙa." Ta fuskar amana ma yana da fifiko, don an san gidansu, an san ubangidan da ya koya masa aiki, idan ya yi ba daidai ba akwai dattijon da za a kai wa magana.

Inda matsalarsa take shi ne ba a san zurfin iliminsa ba sai an gwada. A cikinsu akwai waɗanda suka yi makarantar koyon sana'a, suka ci jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda take da mataki na 3 da na 2 da na 1. Akwai kuma wanda ya yi 'yan watanni yana riƙe wa wani tsani, sai ya sayi testa ya buɗe shago. Testa kuwa abu ɗaya take faɗa maka: akwai wuta ko babu. Ba ta san ko waya ta yi ƙanƙanta da nauyin da aka ɗora mata ba, ba ta san ko robar wayar da ke cikin silin ta tsufa ta fara fashewa ba.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Wutarmu a gida bolt 230 ce. Butar dafa ruwa mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya). Rishon lantarki mai wat 1500 yana jan fiye da 6. Dutsen guga mai wat 1200 yana jan 5. Idan aka kunna su tare an kai amfiya 20. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda aka yi don ƙwan fitila da fanka, wajen amfiya 15 take ɗauka a cikin bututu, a zafin bazara ma ba ta kai haka ba. Soket yana buƙatar 2.5, hitar wanka da babbar na'urar sanyaya ɗaki ana ja musu 4 a layinsu na kansu, kukar girki ta lantarki kuma 6. Wanda bai san wannan ba zai yi ta canza maka soket, alhali cutar tana cikin bango.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin wasunsu shi ne yadda suke maganin fis ko bireka mai yawan faɗuwa. Bireka tana faɗuwa ne don ta ga abin da ya fi ƙarfin wayar. Sai a cire mai amfiya 20 a sa mai 63, ko a ɗaure fis da kakkaurar waya, a ce an gyara. Daga ranar wayar da ke cikin silin ita ce za ta ƙone a maimakon fis ɗin. Idan mai gyara ya kawo maka wannan shawarar, ka sallame shi cikin mutunci.

Kuɗin kaya ma a kula. Ka ce ya rubuta maka abin da ake buƙata, ku je kasuwa tare ko ka saya da kanka. Farashin waya yana bin farashin jan ƙarfe da na dala, don haka ka taya a shago biyu ko uku a ranar da za ka saya.

Ma'aikacin kamfanin wuta

Har yau "ɗan Nepa" muke ce masa, duk da cewa NEPA ta koma PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013. Kamfanin Kano, wato KEDCO, ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Na Jos ke da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola ke da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Na Abuja kuma, wato AEDC, ke da Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi.

Akwai matsalolin da su kaɗai ne ya halatta su taɓa: wayar da ta tsinke ta faɗo kan hanya, tartsatsi a kan falwaya, fis ɗin taransifoma, mitar da ta mutu ko ta ƙi karɓar kati. Akwai kuma wata alama da ya kamata a sani. Idan ka ga ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na wani ɗakin ko na maƙwabci kuma ya dusashe, fanka tana gudu kamar za ta tashi, to mai yiwuwa wayar nutiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta saki. A irin wannan hali wutar da ke shiga kayanka tana iya haurawa ta doshi bolt 400, shi ya sa za ka ji an ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone talabijin da firji a layi guda. Ka kashe babban makunni nan take, ka tambayi maƙwabta. Idan su ma haka ne, matsalar daga waje take, a kai rahoto ofishin kamfani a karɓi shaidar an kai. Idan an yi biris, akwai sashen sauraron koke a kamfanin, sama da shi kuma akwai zauren ƙorafin masu amfani da wuta na NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki.

Rauninsu jinkiri ne, musamman da damina lokacin da iska ke kayar da turaku ko'ina. Wannan jinkirin shi ke sa 'yan unguwa su yi karo-karo su kira wani ya hau falwaya. Na san zafin kwana uku babu wuta, amma wanda ya hau falwaya ba da sanin kamfani ba bai san lokacin da za a maido da wuta ba, kuma rayuka da dama sun salwanta ta haka.

Wani abu daban shi ne ka ɗauki ma'aikacin kamfani ya yi maka aikin cikin gida bayan ya tashi daga aiki. Wasu sun iya sosai, wasu kuwa aikin layi suka sani, wanda ya bambanta da wayarin ɗaki. Ko ma wane ne, aikin tsakaninku ne, kamfani ba zai ɗauki alhakinsa ba. Duk wanda kuma ya ce zai zagaye maka mita don hita ko esi su daina cin kati, ka ƙi. Satar wuta laifi ne a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2023, kai mai gida za a kama, ga shi kuma irin wannan haɗin yakan tsallake duk wata kariya da ke cikin akwatin wutarka.

Ɗan kwangila mai lasisi

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, ita ke kuma bai wa masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Hukumar COREN kuma tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da masu sana'ar hannu rajista. Masu lasisin suna da ƙungiyarsu, LECAN. Don haka idan mutum ya ce maka yana da lasisi, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam, don Allah in ga takardar." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma ba lallai ya zo cikin dare ba sai in kun saba. Wasu ma sai ka biya kuɗin zuwa dubawa kafin a fara maganar aiki. Amma abin da kake saya a wurinsa awo ne. Wanda ya zo gidana daga baya bai taɓa soket ɗin da ya ƙone ba sai da ya gama zagaya gidan. Ya tambayi abin da muke kunnawa a kowane ɗaki ya rubuta. Ya maƙala na'ura a jikin waya ya ce a kunna buta da risho, muka ga lambar tana hawa da idonmu. Ya cire kayan wuta duka ya auna lafiyar robar wayoyin da wata na'ura da suke kira mega. Sannan ya fita tsakar gida yana neman inda aka kafa sandar atin, bai samu ba. Da ya gama ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, gyara biyu ne. Akwai na yau, akwai wanda za ka yi idan ka samu hali." Ya rubuta kowanne daban da kuɗinsa.

A cikin na yau ɗin akwai abin da nake roƙon duk mai karanta wannan ya sa a gidansa: bireka mai gane yoyon wuta, wadda ake rubuta RCD ko RCCB a jikinta, mai miliamfiya 30. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa. Wannan kuwa mutum take karewa. Idan yaro ya tura ƙusa a soket, ko hita ta fara jan mai wanka, tana yanke wuta cikin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a tabbatar tana faɗuwa.

Mai lasisi na kirki yakan kuma tsaya kan ingancin waya. Kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, da wadda aka rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba, da naɗin da bai cika tsawonsa ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: idan cikin ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ne. Wayoyin da ake yi a Najeriya, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, sun yi suna wajen inganci, shi ya sa ma ake buga jabunsu, don haka a saya wurin dilan da aka sani, a duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki.

Haɗarin da ke tattare da shi ɗaya ne: wani yakan karɓi aiki da lasisinsa, ya turo yara su yi, shi kuma ba a sake ganinsa sai ranar karɓar cikon kuɗi. Ku yi sharaɗi tun farko cewa shi zai duba ya auna kafin a mayar da wuta, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai an yi hakan.

Masu haɗa sola da janareta

Yanzu da sola ta shiga gidaje, masu haɗa ta sun zama rukuni na kansu. Aikinsu ilimi ne daban. Wutar batir da ta faifan sola ba irin ta Nepa ba ce, idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, kuma tana buƙatar bireka da fis irin nata. Inbata mai ba da wat 2000 a kan batir mai bolt 24 tana jan sama da amfiya 80, shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa. Idan matsalar daga inbata ko batir take, wanda ya haɗa shi za a kira, musamman idan akwai garanti, don wani ya taɓa garantin ya tashi. Sai dai da yawansu ba sa duba tsohon wayarin gidan, suna ɗora sabon kaya a kan abin da suka tarar.

Janareta kuwa kada a taɓa haɗa shi da gida sai ta makunnin sauya layi, wato canji-oba, mai raba wutar kamfani da ta inji gaba ɗaya. Masu tura wutar janareta ta cikin soket suna mayar da ita kan layin waje, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta je ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake.

Gyara da kanka

Canza ƙwai, mayar da birekar da ta faɗi sau ɗaya bayan ka cire abin da ya jawo, canza fis ɗin filogi da mai amfiya irin nasa. Iyakarsa ke nan. Idan birekar ta sake faɗuwa, bar ta a kashe.

| Wanda za a kira | Saurin zuwa | Kuɗi | Ƙarkon aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai wayarin na unguwa | Nan take, har da dare | Kaɗan | Ya danganta da wanda ka samu | Gyaran sama-sama, ƙara girman fis |
| Kamfanin wuta ta hanyar ofis | Yakan ɗauki lokaci | Gyaran layinsu nauyinsu ne | Mai kyau a huruminsu | Jinkiri |
| Ma'aikacin kamfani a aikin gefe | Matsakaici | Matsakaici | Ba tabbas | Taɓa mita, babu mai ɗaukar alhaki |
| Ɗan kwangila mai lasisi | Sai an yi alƙawari | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Turo yara ba tare da dubawa ba |
| Mai haɗa sola | Da sauri idan shi ya haɗa | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau a ɓangarensa | Rashin duba tsohon wayarin |

Wa ya dace da wa

Idan makunni ne ya lalace, ko fanka za a ɗaura, ko soket ɗaya ya fashe don an buge shi, mai wayarin na unguwa ya wadatar, kuma shi ya fi cancanta ka ajiye lambarsa don dare. Ka zaɓe shi tun lafiya lau: tambayi maƙwabta uku wanda ya yi musu aiki, ka gwada shi da ƙaramin aiki kana tsaye, ka ga ko yana kashe wuta kafin ya fara, ko yana ɗaure waya da sukurun haɗi ko murɗawa kawai yake yi ya naɗe da salatif. Idan ya zo cikin dare, abin da za ka nema a wurinsa shi ne ya ware layin da ya lalace ya bar sauran gidan da wuta. Babban gyara ya jira rana.

Idan abu ɗaya ya lalace sau biyu a wuri ɗaya, ko famfo da ƙofar firji suna jan mutane, ko bireka tana faɗuwa ba dalili, ko gidan ya tsufa kuma ba a taɓa duba wayoyinsa ba, wannan aikin mai lasisi ne. Haka idan za ka ƙara esi, hitar wanka, injin jan ruwa na rijiyar burtsatse ko injin markaɗe, ko za ka ƙara ɗakuna, ko sabon gini ne. Mai shirin sa sola ya fara kiran mai lasisi ya duba gidan ya raba layin kaya masu nauyi da na marasa nauyi, sannan mai sola ya zo ya ɗora nasa.

Duk abin da ya shafi mita, falwaya, wayar da ta shigo daga waje ko wutar da ta zo wa layi gaba ɗaya da ƙarfi, ofishin kamfani za a nufa, a tsare yara da dabbobi nesa da wayar da ta faɗo har su iso.

Ɗan haya kuma ya kashe wuta, ya ɗauki hoton inda ya ƙone, ya sanar da mai gida ko wakilinsa kafin a fasa bango, a kuma yi magana a kan wanda zai biya tun ba a sayi kaya ba. A gidan haya mai ɗakuna da yawa a kan mita ɗaya, inda kowa ke da risho da hitarsa, ya fi kyau masu hayar su haɗu su nemi mai gida ya kawo mai lasisi ya raba wa kowane ɗaki birekarsa.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sake wayarin gida gaba ɗaya ba, ya bi shi daki-daki: sandar atin da bireka mai gane yoyon wuta tukuna, sai sabon layi mai kauri zuwa kicin da banɗaki, sauran ɗakunan kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda hali ya samu. Haka muka yi a gidana, kuma layin kicin ɗin da aka ja da waya 4 a kan birekarsa an gama shi kafin babbar salla.